Birkin da Inna Ta Taka

Masu bibiyar labarin nan, yau ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Sau uku ina rubuta wannan shafi ina gogewa, domin duk ta inda na juya shi ni ce marar gaskiya a ciki. Wadda ta saba turo min "Allah sarki Auta" a ƙasan rubutu, yau ta riƙe tausayinta tukuna, ta karanta har ƙarshe.

Ga wadda yau ta fara shigowa: Auta ake ce min a gida, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a shagon buga katuna da sitika. Akwai mai nemana, wata bakwai ke nan. Gwajin ido yake yi a wani shagon tabarau, shi ya sa 'yan gidanmu suka laƙaba masa Mai Gilashi, har Umma ma haka take kiransa idan ta sha'afa. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya ƙarya ko a wasa, kuma ba ya son a yi masa. Kafin shi biyu sun zo sun tafi, don haka Umma take lallaɓa wannan kamar ƙwai. Ni ma, in faɗa muku gaskiya, ina son shi fiye da yadda nake nunawa.

Yayarsa, wadda kowa ke kira Anti, ta haifi 'ya mace bayan shekara tara tana jira. Yarinyar ta kai wata huɗu lokacin da ya ce ranar Asabar zai kai ni in gaishe su, ita da mahaifiyarsu Inna, wadda ta dawo gidan Anti da zama don ta taya ta raino.

"Me za ki kai?" in ji Yaya, babbar yayata, tana zaune a bakin gadona tana cire jan farce.

"Riguna biyu da man shafawa."

Ta taɓe baki. "Riguna? Gidan da aka shekara tara ana jira? Ai riga sai dai su rasa inda za su zuba. Ki kai abin da duk wanda ya shigo falo zai tambayi wa ya kawo."

Umma ta leƙo daga bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. "Ki dai fitar da mu kunya, Auta. Mutanen nan masu ido ne."

To, a ranar na ga wani keken jarirai a sitatus ɗin Maman 'Yan Biyu.

Maman 'Yan Biyu a waya take kasuwancinta, ban taɓa ganin fuskarta ba. Kayan da mutane suka saya suka mayar wa manyan kantuna take sarowa, ta sayar da sauƙi. Kuma in yi mata adalci, matar ba ta ɓoye komai. Tana da tsarinta: koriyar sitika na nufin kaya lafiya lau, rawaya na nufin ɗan ƙarce ko tabo, ja kuwa sai an gyara. Keken tura jariri ne ruwan toka, mariƙinsa kamar fata, da rumfa mai ninkewa da kwando a ƙasa, irin wanda in kin tura shi sai tafiyarki ma ta canza. A kan sandar birkinsa an manna jar sitika mai faɗin tafin hannu.

Na tambaye ta. Ta turo saƙon murya, ana jin kukan yara a bayanta: "Hajiyata, keken nan sabo ne fil, birkin ne kawai. Yana yin ƙara kamar ya kama, a kan tayil ma zai tsaya miki, amma haƙorin ciki ya karye, in an samu gangare sakewa yake. Ki kai wa mai gyara kafin a sa yaro. Na dai faɗa miki."

Ta faɗa min, masu karatu. Ku riƙe wannan.

Ranar Alhamis mai babur ya kawo shi shagonmu. Da na tashi aiki na tura shi wurin mai gyaran kekuna na bakin titinmu. Ya kifa shi, ya leƙa, ya sa sukundireba ya taɓa wani ɗan farin roba, ya ce sai an nemo irinsa, in ba shi mako guda. Na ce jibi nake buƙata. Ya ce to jibi dai babu. Na turo abina na dawo, ina ce wa zuciyata: ai na ji gidan Anti duk tayil ne, ina za a samu gangare? In kai yanzu, bayan sati biyu in ce zan karɓa a wanke, in kai gyara a ɓoye. Wa zai sani?

Sauran aikin kuwa sana'ata ce. Duk wanda bai iya ba, in ya ɓare sitika sai ta bar danƙo da farin tabo. Ni na iya. Na ari na'urar busar da gashi ta Yaya, na hura wa jar sitikar zafi a hankali har gefenta ya ɗago, na zare ta ɗungurungum, na goge wurin da auduga da ɗan turare. Ko ƙwayar danƙo ban bari ba. Washegari a wurin aiki na buga ƙaramin kati mai ruwan zinare, na rubuta addu'a ga jaririya, na ɗaura shi da zare a mariƙin. Har hoto na ɗauka ina jin daɗin hannuna.

Ranar Asabar na sa doguwar riga ruwan ƙasa mai aiki a wuya, da mayafi mai haske, da takalmin Yaya da ke matse min ɗan yatsa. Mai Gilashi ya ga keken ya tsaya.

"Auta, wannan ai ya yi yawa."

"Ba komai, ai 'yarmu ce," na ce, ina wani sunkuyar da kai irin na masu hali.

Falon Anti fari ne tas, labule har ƙasa, kujeru masu laushin da in kin zauna sai kin yi dabarar tashi. Ita kanta doguwa ce, ba ta da yawan dariya, idonta kullum yana kan yarinyar ko da kuwa da ke take magana. Ta zagaya keken sau biyu, ta shafa rumfar.

"Masha Allah. Ina kika samo wannan?"

Nan ne wuri na farko da zan iya faɗin gaskiya.

"A babban kantin nan na kayan yara, Anti."

"Ai na gani, kayansu ba ƙarya."

Mai Gilashi ya dube ni ta saman tabarau, kallon da ya sa na ji kamar an ƙara min tsawo.

Sai Inna ta fito. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai fara'a, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ta riƙe hannuna da nata biyun, ta ƙi saki har ta gama tambayar Umma da duk 'yan gidanmu. Da ta ga keken sai murna ta kama ta kamar ita aka kawo wa. Ta ce bayanta ya daina ɗaukar goyo, yanzu kuwa ta samu abin zagayawa da ƙawarta.

"Ɗiyata, zo ki koya min. Ina ake takawa ya tsaya?"

Na nuna mata. Ta ɗora ƙafa ta taka, ya yi ƙas. Ta tura, bai motsa ba. Ta yi dariya ta sake, ta kuma takawa, har sau uku, wai don ƙafarta ta haddace.

"Sai dai ki haddace ɗin, Inna," in ji Anti. "Shekaranjiya fa butar shayi kika bari a wuta har ta ƙone."

"Sau ɗaya dai, kin mayar da shi waƙa."

Aka yi dariya, har da ni. Nan ne wuri na biyu, kuma shi ya fi ci min rai. Ina tsaye, lemo a hannuna, tsohuwa tana koyon taka birkin da na san ba ya ci, na buɗe baki na sa lemo.

Ranar Laraba da rana ina yanka katunan wani shago sai wayata ta yi ƙara, saƙo daga Mai Gilashi.

"Kina wurin aiki? Kada ki tsorata, yarinya lafiyarta ƙalau."

Na fita bayan shago na kira shi. Ya ce sun kai yarinyar allurar rigakafi. A ƙofar asibitin akwai gangaren siminti da ake hawa da keken marasa lafiya. Anti ta koma ciki karɓo kati, ta bar Inna da yarinya a saman gangaren. Inna ta sunkuya gyara takalmi, tana ɗagowa ta ga keke yana tafiya. Ya gangara har ƙasa, ya bugi tukunyar fulawa ya karkace, wata ma'aikaciyar jinya ta tare shi kafin ya kife. Allah ya so an ɗaure yarinyar da bel. Ɗan ƙulu ne kawai a goshi.

"Inna ta rantse ta taka birki," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Anti ta yi mata faɗa a gaban mutane, abin ba daɗin ji. Da suka dawo gida na gwada shi da kaina a falo, sau goma. Yana ci, Auta. Lafiyarsa ƙalau. Mantawa ta yi."

Na jingina da bango.

"Yanzu Anti ta ce kada a sake bar wa Inna yarinya, ko na minti ɗaya. Litinin zan kai ta wurin likita a duba mantuwar nan. Ki sa ta a addu'a. Kuma kada ki damu, ba laifin kyautarki ba ne."

Na ce to. Wallahi abin da na ce ke nan, to.

Kun san abin da marar gaskiya ke fara yi? Neman wanda zai raba laifin da shi. Na rubuta wa Maman 'Yan Biyu dogon saƙo, har da cewa kayanta ya kusa kashe rai. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta dawo min da saƙon muryarta na ranar nan, ta ɗora da hoton keken da jar sitikarsa, sannan ta rubuta: "Hajiyata, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ni da ja na sayar miki. Ina sitikar take?" Na kashe wayar na sa a jaka.

Da yamma na faɗa wa Umma da Yaya komai, a kicin, ina kallon ƙasa. Umma ta zauna a kan kujerar roba. Yaya ce ta fara magana.

"To ai Allah ya rufa asiri, yarinya ba ta ji ciwo ba. Ki je ki ce hankalinki bai kwanta ba, za ki mayar kanti a duba. Ki ɗauko shi, ki ɓatar da shi, ki ce sun riƙe. Shi ke nan, ba wanda zai sake hawa."

"Inna fa?"

"Tsohuwa ce, dama tana mantuwa. Sati biyu za su huce. Ke kuwa in kika buɗe baki, mutumin nan da ko ƙaryar wasa ba ya ɗauka, kin san sauran."

Na dubi Umma. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce, "Ni ban haife ki don ki yi ƙarya ba. Amma kuma ban san yadda zan yi da bakin mutane ba in wannan ma ya tafi." Ta tashi ta kunna famfo, ta shiga wanke kofin da yake a wanke.

Shawarar Yaya na ɗauka. Kada ku yi zaton wani abin kirki ne ya kai ni gidan Anti ranar Asabar. Keke na je ɗaukowa, da jawabina a shirye tun daga gida.

Na same su a falo, Anti da Mai Gilashi, yarinya tana kan cinyar uwarta da ɗan shuɗin tabo a goshi. Keken yana ninke a bayan ƙofa. Na yi jaje, na karanto jawabina tsaf, Anti ta ce ba sai na wahala ba amma in na matsa to. Komai ya tafi yadda Yaya ta tsara. Saura in gaida Inna in fito.

Ɗakinta yana ƙarshen baranda. Na same ta a bakin gado, kwandon wankin jaririya a gabanta, tana ninke 'yan riguna ɗaya bayan ɗaya. Aikin da aka bar mata ke nan. Cikin kwana uku fuskarta ta zube. Ta yi ƙoƙarin yi min fara'ar ranar nan, abin bai zauna ba.

"Ɗiyata, kin ji abin da na yi da kyautarki ko? Ki yafe ni."

"Haba Inna."

"Zauna." Ta matsa min. Ta ɗauki wata 'yar safa, ta juya ta a hannu. "Tun ranar nan nake gwada kaina. Da safe in lissafa 'ya'yana da ranar da na haifi kowanne. In lissafa maƙwabtanmu na tsohon gida, gida-gida. Duk suna zuwa. Amma ai wanda ya manta bai san ya manta ba, ko? Ƙafar nan ta ji shi, ɗiyata. Kunnena ya ji ƙas ɗin. Sai dai sun gwada sun ce yana ci." Ta ajiye safar. "To wataƙila ban taka ba. Jiya yarinyar ta yi kuka, ina jin ta ta bango, na miƙe zan je, sai na zauna. Na ce kada in ɗauke ta in manta tana hannuna."

Masu karatu, na taɓa jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Ban yi shawara da zuciyata ba. Na zame daga gadon na durƙusa a gabanta.

"Inna, kin taka."

Ta dube ni.

"Kin taka, Inna. Birkin ne ba ya ci a gangare. Ba a kanti na saya ba, a waya na saya, wurin mai kayan da aka mayar. Ta faɗa min ya lalace, har alama ta manna. Ni na cire alamar da hannuna. Ina tsaye kina koyo, na sani, na yi shiru."

Ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba. Ta sunkuya ta kalli ƙafarta ta hagu, ta daɗe tana kallo.

"Ashe na taka," ta ce a hankali. Sai hawaye. Ta sa 'yar rigar da ke hannunta ta share, ta kuma cewa, "Ashe na taka."

Da ta mare ni da ya fi min sauƙi. Ina kuka ina ba ta haƙuri, ita ce ma ta dafa kaina.

"Ya isa. Yarinta ce da son a yaba, kowa ya yi. Saurara, wa kika faɗa wa a falo?"

"Ba kowa."

"To kada ki faɗa. Na san ɗana, na san 'yata. Ita ba za ta manta ba, shi kuma ba zai iya haɗiyewa ba. Ki ɗauki keken ki tafi da shi. Ni tunda na san kaina ƙalau yake, ya ishe ni. Likitan ma in je, me zai ci min?"

"Yarinyar fa, Inna? Ba za su ba ki ita ba."

Ta ɗauki wata rigar ta ninke. "Za ta girma," ta ce. "Wata rana da ƙafarta za ta shigo."

Ga ƙofa an buɗe min, ta fi wadda Yaya ta tsara faɗi, kuma wadda na zalunta ce ta buɗe. Na tashi, na gyara mayafina, na fita. Barandar nan ba ta fi taku goma ba, amma sai da na tsaya sau biyu.

Mai Gilashi ya riga ya ɗauko keken, yana riƙe da shi da makullin mota. Ya ga idona ya ce, "Lafiya?"

Ban kalle shi ba, don in na kalle shi ba zan iya ba. Na durƙusa a gaban Anti, na faɗi abin da na faɗa wa Inna, ban rage ko ɗaya ba, har na'urar busar da gashin. Na ce in suna so su kai keken gangaren ƙofar gareji su sa jarkar ruwa a ciki su gani.

Shi ne ya fita da keken. Muna jin ƙas ɗin daga falo, sannan ƙarar tayoyi a kan siminti, sannan wani abu ya bugi ƙofar gareji.

Anti ta miƙe da yarinyar a kafaɗa. Na runtse ido ina jiran abin da ya cancance ni. Ta wuce ta gefena kamar kujera ce a wurin, ta bi baranda. Na ji ta tura ƙofar ɗakin ƙarshe, na ji muryarta ta karye tana cewa, "Inna, karɓe ta. Inna, don Allah karɓe ta."

Ina nan durƙushe ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Ɗauko jakarki in kai ki gida."

Muryarsa ba faɗa a ciki, ba komai a ciki. Na bi shi a baya, takalmi a hannu don na kasa tsayawa sawa. Wata bakwai ina zama a gefensa a motar nan, har madubin gaba na saba juyawa in duba fuskata yana min tsiya. Ya zagaya, ya buɗe min ƙofar baya.